Ranar da Na Ja Allah Ya Isa a Coci

Maigidana wankin tankuna yake yi a Saint-Fons, kudu da Lyon, inda masana'antun sinadarai suka jeru a bakin kogi. Manyan masana'antun ba su suka ɗauke shi ba. Wani ƙaramin kamfani ne ke kwasar su, shi da wasu 'yan ƙasarmu da 'yan Cadi, a zura su cikin tanki bayan an juye abin da ke ciki, su kankare su wanke. Na iske shi a farkon shekarun dubu biyu, daga Damagaram, da ɗiyarmu a goye. Tun kafin in iya gaisuwa da faransanci na koyi ware kayan aikinsa daga namu wajen wanki, don warinsu na kama zani kuma ba ya fita.

A kasuwar Asabar na fara ganin Mon Père. Haka kowa ke kiransa, wato "Ubana" da faransanci, Kirista da Musulmi. Shi ne limamin cocin Katolika na unguwarmu. Ina yi wa ɗiyata faɗa don ta fizge hannunta, sai na ji an yi mini sallama daga baya, an tambayi gajiya, an tambayi gida, an tambayi sanyi. Na juya ina neman baƙin mutum, sai ga wani dattijon Bature mai ɗan doro, riƙe da jakar albasa. Hausar Arewa yake yi, irin ta Dogon Dutsi, da "mi" da "shina", don ya daɗe a can kafin ƙungiyarsu ta limamai ta dawo da shi gida. Ya ce akwai ɗaki a ƙarƙashin cocin inda ake koya wa mata faransanci, kuma ba a tambayar kowa addininsa a bakin ƙofa. Da na ba Malam labari, maigidana ke nan, dariya ya yi. Ya ce ai ya san shi, shi ne ke zuwa ƙofar masana'anta da tulun kofi duk lokacin da aka shiga yajin aiki, kuma an ce shi ma yana saurayi ya yi aikin ƙarfi kafin ya zama limami.

Na fara zuwa ɗakin nan. Ban da karatu, ana dafa miya a can ga wanda bai da inda zai ci, kuma wata lauya kan zo ta zauna da masu matsalar takardun zama. Wata Sallah da ruwa ya hana mu fili, Mon Père ya sa aka kwashe kujeru, ya nuna wa mazanmu gabas, ya fita ya ja ƙofa.

Sujadarsu ta Lahadi a sama ake yi, kuma ba tawa ba ce, amma duk abin da ya faru a can yana saukowa ƙasa a bakin matan Cadi da muke karatu tare. Daga gare su na san irin gyaran da ya yi. Bagaden cocin, teburin da suke keɓe gurasa a kansa, da can yana can ƙurya nesa da mutane. Mon Père ya sa aka jawo shi tsakiya, aka kewaye shi da bencina kamar zaman fira. Ya shigo da ganga kusa da tsohon molonsu mai iska. Ya sa mata da leburori karanta littafinsu a gaban jama'a. Abin da ya fi tayar da ƙura shi ne addu'ar jama'a. A da a rubuce take, mutum ɗaya ke karantawa. Shi kuwa ya kafa makirfo a tsakiya, ya ce duk mai damuwa ya taso ya faɗa wa Allah da harshen da uwarsa ta koya masa, a fassara wa sauran, sannan kowa ya amsa da waƙa, "Ubangiji, ka ji mu." Wanda aka kora daga aiki ya faɗa. Wadda ake shirin fitar da ita daga gidan haya ta faɗa. Bayan an tashi kuma ba a barin maganar nan, sai an sauko da ita ƙasa an nemi wanda zai bi ta.

Wasu tsofaffin 'yan cocin ba su so ba. Gaba-gaba a cikinsu akwai patron ɗin maigidana, mai kamfanin wankin tankuna. Dattijo ne mai farin gashi, mai ladabin baki, kuma shi ya gyara rufin cocin a wata shekara, don haka maganarsa na da nauyi. Matan suka ce tun kakansa bencin gaba nasu ne, da aka mai da zaman da'ira kuwa babu sauran gaba, shi ya sa ya zaɓi jikin wani ginshiƙi yake zama yana cika yana batsewa.

Tarin Malam ya fara kamar na sanyi. Daga baya ya zama ba ya iya hawa benen gidanmu sai ya tsaya ya dafa bango. Ya rame har zoben hannunsa na zamewa. Likitan asibiti ya duba huhunsa ya tambaye shi irin aikin da yake yi, da ya ji, sai ya ajiye alƙalami ya daɗe yana kallonsa. Malam ya gaya mini cewa takunkuman da ake ba su tsofaffi ne, ba a canza matatarsu, wani lokaci ma babu su sam, sai su ɗaura tsumma a hanci. Idan sun yi magana a ce ga ƙofa nan, akwai masu jiran aikin.

Mon Père ne ya haɗa mu da lauyar nan, aka shigar da ƙara tun Malam na da rai. Amsar da patron ya aiko ita ce ta fara dasa mini abin da nake ɗauke da shi har yau. Ya ce sigari ne ya cinye huhun mijina. Malam bai taɓa sa sigari a bakinsa ba, ko goro bai dame shi ba. Ya ƙara da cewa wataƙila ma da cutarsa ya zo daga Afirka. Sannan ya kawo shaida, shef ɗinsu, wato shugaban ayarin masu wankin. Wannan shef ɗan garinmu ne. Shi ya samo wa Malam aikin, a gidanmu yake cin tuwon Juma'a, Yaya nake ce masa. Shi ne ya tabbatar wa alƙali cewa ana ba kowa sabon takunkumi, maigidana ne ke cirewa don taurin kai.

Malam ya ji wannan yana kwance, da bututun iska a hanci. Bai zagi kowa ba. Ya juya fuskarsa bango kawai. Bai kai bazara ba ya rasu.

Aka binne shi a ɓangaren Musulmi na maƙabartar. An ce mini Mon Père ya je, ya tsaya can baya da hularsa a hannu har aka gama. Shef ɗin ma ya je, har ya sa hannu a ɗaukar makara. Patron bai je ba, furanni ya aiko gida, fara-fara, a naɗe da leda mai ƙyalli. Na sauka da su da kaina na cusa a kwandon shara na bakin titi, na danna da ƙafa. Ina cikin takaba kotu ta yanke hukunci cewa ba a tabbatar da laifin kamfani ba.

Da na fita takaba Mon Père ya zo gaishe ni. Ya ce za a ɗaukaka ƙara, kuma zai tsaya har ƙarshe, sai dai abin zai ɗauki shekaru. Bai ce in yi haƙuri ba, na lura da wannan, don kowa haƙuri yake ba ni har kalmar ta fara yi mini ɗaci. Na saurare shi, na ba shi shayi, amma zuciyata ba ta wurin kotu. Kotu ɗaki ne rufaffe, ba wanda ya san patron a can. Ni so nake a kira shi da abin da ya aikata a inda ake gaishe shi da girma, a gaban matarsa da maƙwabtansa. Na tambayi Mon Père ko makirfon nan na Kirista ne kaɗai. Ya ce na duk mai damuwa ne.

Na jira har lokacin da suke tunawa da matattunsu, farkon sanyi, ran da cocin ke cika har da waɗanda ba sa zuwa kullum. Na yi wanka, na sa baƙin lulluɓi, na bar ɗiyata wurin maƙwabciya. Ban taɓa hawa saman nan ana sujada ba. Na zauna kusa da matan Cadi, suka matsa mini suna mamaki. Ga patron can jikin ginshiƙinsa cikin kwat mai ruwan toka, matarsa a gefe, ɗiyarsu kuma cikin masu waƙa.

Da aka zo addu'ar jama'a, wata tsohuwa ta roƙa wa mijinta rahama, wani ɗan Fotugal ya ambaci uwarsa. Sai na tashi. Na kama makirfo, na juya na fuskanci ginshiƙin, na yi da Hausa, a hankali, yadda kowace kalma za ta fita.

"Ya Allah, ga mutumin nan mai farin gashi da ke zaune jikin ginshiƙi. Shi ya zura mijina cikin guba ba kariya. Da ya kwanta, ya ce sigari ne. Da ya mutu, ya aiko mini furanni. Ban yafe ba. Allah ya isa tsakanina da shi. Yadda mijina ya nemi numfashi ya rasa, Allah ka sa shi ma ya nema. Kuma Allah ka nuna masa a kan 'ya'yansa."

Ba wanda ya fahimta sai matan Cadi biyu da ke jin Hausa, da Mon Père. Shi ne kuma mai fassara. Ya taso daga kujerarsa cikin farar rigarsa, ya zo kusa da ni, ya kawar da bakinsa daga makirfo.

"Ɗiyata, in hwaɗi duka?"

"Duka," na ce.

Mutane suka fara motsi a bencina. Yana iya cewa wannan baiwar Allah tana roƙa wa mijinta gafara, a yi waƙa a wuce, ba mai ganewa. Sai ya karɓi makirfon ya fara. Faransancina a lokacin ya isa in bi shi, kuma na bi shi kalma da kalma kamar mai gadin kaya. Ya faɗi farin gashi, ya faɗi ginshiƙi. Ya faɗi guba da sigari da furanni. Da ya zo kan Allah ya isa, ya ce matar nan ta ce ta kai ƙara inda ba a sayen shaida, kuma Allah ya ishe ta alƙali. Ya faɗi maganar numfashi ma. Daga nan ya ce saura jimla ɗaya, ita kam ba zai fassara ta ba, kuma ba zai ce amin a kanta ba.

Cocin ya yi tsit. Na ga wuyan patron ya yi ja har kunnuwa. Duk wanda ke cikin da'irar nan yana ganinsa, don zaman da Mon Père ya tsara bai bar wa kowa wurin ɓuya ba. Sai ɗaya daga cikin matan Cadi ta ɗaga murya ita kaɗai ta rera, "Ubangiji, ka ji mu." 'Yan uwanta suka kama, leburorin da ke baya suka kama. Rabin cocin bai buɗe baki ba. Patron ya tashi, ya ɗauki hularsa, ya ratsa tsakiyar mutane ya fita, matarsa na binsa. Tun ranar da Malam ya juya fuskarsa bango ban ji sanyi a ƙirjina ba sai a wannan lokaci.

A bakin ƙofa, bayan an tashi, ɗiyar patron ta tare ni. Budurwa ce, doguwa, idanunta sun yi ja. Cikin ladabi ta tambaye ni mece ce jimlar da aka ƙi fassarawa. Na gaya mata da faransancina mai gurgunta, na maimaita don in tabbata ta gane. Ta dafa ƙofar.

Wannan ne ya haɗa ni faɗa da Mon Père. Ya same ni a ɗakin ƙasa washegari, kuma ban taɓa ganin ransa a ɓace haka ba. Ya ce uban ne ya ci, yarinyar ba ta ci komai ba, don me zan ɗora mata. Na ce ɗiyata ma ba ta shiga tanki ba, ga ta nan marainiya. Ya ce ya ba ni makirfo don a ji gaskiya, kuma ya faɗe ta a bainar jama'a ko da ya san abin da za ta jawo masa, amma la'anar wanda bai ji ba bai gani ba ba gaskiya ba ce. Na ce shi limami ne, aikinsa ke nan ya faɗi haka, ni kuwa matar mamaci ce. Muka rabu a kan haka. Bai hana ni zuwa karatu ba, ni ma ban fasa gaishe shi ba.

Abin da ya hango ya zo. Patron da mutanensa suka kai kuka wurin bishop, shugaban limaman yankin. Suka ce Mon Père ya mai da ɗakin Allah dandalin siyasa, ya bar Musulma ta zagi Kirista a gaban bagade, kuma da bakinsa ya isar da zagin. Aka kira shi, aka nemi ya ba da haƙuri a gaban jama'a. Ya ce zai nemi gafarar yarinyar, kuma ya nema, amma ba zai janye fassarar ba tunda abin da aka faɗa ya fassara. Kafin shekara ta zagayo ƙungiyarsu ta ɗauke shi zuwa Paris. Wanda ya gaje shi ya mai da bagaden ƙurya, ya jera bencina a layi, addu'ar jama'a ta koma a rubuce. Ɗakin ƙasa ya ɗan jima, daga baya aka ce ana gyaran wutar lantarki, aka sa kwaɗo. Patron ya koma bencin gaba. Wannan ma na ɗora shi a kan abin da nake binsa.

Sai dai maganar ta riga ta fita. Mata biyu da mazansu ke irin wannan tari suka zo gidana, lauyar ta haɗa ƙararmu wuri ɗaya. Wata babbar masana'anta ta daina ba kamfanin patron aiki ba tare da ta faɗi dalili ba. Ni kuma na sami aikin kula da tsofaffi a gidajensu, ina fita da safe in dawo da yamma, na juya kan shef.

Shi ban buƙaci makirfo ba. Duk bikin suna ko ɗaurin aure na 'yan ƙasarmu a Lyon, idan matarsa ta shigo, sai in tashi in ɗauki takalmina in fita, ba tare da na ce uffan ba. Da farko ni kaɗai nake fita. Daga baya muka zama da yawa. Na buga wa gwaggona waya a Damagaram, mace ce da magana ba ta kwana a bakinta, na ba ta labarin tun daga tuwon Juma'a har zuwa ɗaukar makara. Ba a daɗe ba mahaifiyar shef ta ji a gidan biki cewa ɗanta ya yi shaidar zur a kan gawar ɗan garinsu. Yakan ja salla wani lokaci a ɗan masallacin gidan leburori. Aka wayi gari idan ya shiga gaba sai sahu ya watse, kowa ya tayar da tasa. Ya aiko mini dattawa, na ba su ruwa suka sha, na raka su ƙofa.

Shekaru suka wuce a haka, ɗiyata ta shiga babbar makaranta. Wata rana da hantsi Mon Père ya kira ni daga Paris. Bayan gajeriyar gaisuwa irin ta waya, ya ce shef ya zo wurinsa takanas. Yana son zuwa Makka, kuma yana tsoron tsayawa a Arfa da haƙƙin mamaci a wuyansa, shi ne yake roƙon a sa baki in yafe masa. Mon Père ya ce masa ba daga wurina ake farawa ba, ya fara zuwa ya gyara abin da ya ɓata. Mutumin ya je wurin lauyar ya faɗi gaskiya, cewa takunkuman lalatattu ne, kuma patron ne ya zaunar da shi ya koya masa abin da zai ce. Aka kai wa alƙalan ɗaukaka ƙara. A wannan karon hukunci ya faɗa kan kamfanin.

Patron bai yarda ba, ya kai maganar babbar kotu a Paris. Da lokacin ya zo na hau jirgin ƙasa na tafi, na sauka wurin ɗiyar gwaggona a La Courneuve, a wani dogon bene da lif ɗinsa ya mutu. Lauyar ta ce ba dole ba ne in halarta, ba a ma ba ni damar magana. Na ce zan zauna ko da a bayan ƙofa ne. Babbar kotun ta bar hukuncin yadda yake. Amma patron ya riga ya sayar da kamfanin, ya yi ritaya, ba wanda ya kai shi kurkuku ko na yini ɗaya. Mutane suna yi mini barka, ni kuwa ji nake kamar an ba mai yunwa ƙanshin miya.

Kafin in koma Lyon na shiga metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, na je Montreuil gaida Mon Père. A wani gida na tsofaffin limamai yake zaune, kusa da gidajen leburorin Afirka ta Yamma. Ya tsufa ƙwarai, yana dogara sanda. Ba shi da coci yanzu. Ɗaki ɗaya aka ba shi a ƙasan bene, da teburin cin abinci a tsakiya da kujerun roba kewaye. A nan yake sujada da 'yan tsirarun da ke zuwa, a nan kuma yake zama da masu neman takardu sauran ranakun. Ya ce bai taɓa samun cocin da ya yi masa daidai kamar wannan ba.

Muna cikin gaisawa aka ƙwanƙwasa ƙofa. Shef ne. Mon Père bai ɓoye mini ba, ya ce shi ya kira shi, kuma in na ga dama in tashi in tafi. Na zauna. Mutumin ya yi furfura, ya faɗa. Ya ɗage tafiyarsa Makka shekara bayan shekara yana jiran wannan rana. Ya cire takalmi, ya durƙusa a kan siminti, ya kira ni ƙanwarsa. Ya ce tsoron kora ne ya sa shi, yana da iyali a nan da can gida. Ya ce ya rasa aikin duk da haka, ya rasa mutunci, tsohuwarsa ta rasu tana fushi da shi. Ya yi kuka sosai. Na bar shi ya gama.

"Wanda ka yi wa ƙarya yana kwance a Lyon," na ce. "Je ka tambaye shi. In ya yafe, na yafe."

Ya ɗago ya dubi Mon Père yana neman taimako. Tsohon ya ce mini, a hankali, mutumin nan ya yi abin da aka ce ya yi, kuma ba don shi ba da ba a ci shari'ar ba. Na ce na sani. Ya gyara wa kotu, kotu ta gode masa. Amma Malam ya mutu yana jin ɗan garinsa na kiransa mai taurin kai, wannan kuwa ba alƙalin da zai warware shi. Shef ya sa takalminsa ya fita. Na ji daga baya ya tafi Makka a shekarar, ya dawo ana ce masa Alhaji. Ni ban taɓa kiransa da shi ba.

Bayan fitarsa Mon Père ya haɗa mini shayi. Ya ce a duk rayuwarsa yana gaya wa mutane cewa in aka yi adalci, yafiya za ta biyo baya da kanta, ga shi ni na ƙaryata shi. Na ce ba a yi adalci ba tukuna, patron yana can yana ban ruwan furanninsa. Ya yi ɗan murmushi, ya tambayi karatun ɗiyata.

Patron ya mutu 'yan shekaru bayan haka. Matan Cadi ne suka kawo mini labari, suka ce zuciya ce, a kujerarsa, bayan ya ci abincin rana. Bai nemi numfashi ya rasa ba. Na ji haushin wannan ƙwarai, har na kasa cin abinci.

Ranar jana'izarsa na nemi hutu a wurin aiki. Na ciro atamfar da na fi so, ja da rawaya, wadda ban sa ba tun Malam na da rai, na kafa ɗauri, na sa turare. Ban shiga cocin ba. Na tsaya a tsallaken titi, daidai inda duk mai fitowa zai gan ni. Aka fito da akwatin, mutane cikin baƙaƙen kaya suna bin sa. Da yawansu sun gane ni, suka sunkuyar da kai. Ɗiyarsa ta fito riƙe da hannun yara biyu, lafiyayyu. Ta gan ni, ta tsaya, muka dubi juna. Ba ta tsallako ba, ni ma ban motsa ba har motocin suka tafi.

Da yamma na kira Mon Père na gaya masa inda na je da irin kayan da na sa. Ya saurare ni har na gama. Sannan ya tambaya ko na ji sauƙi. Na ce kaɗan. Ya ce shi zai yi wa mamacin addu'a gobe da safe a ɗakinsa, ya haɗa da Malam, kamar yadda ya saba haɗa su a addu'a tun patron na da rai. Na ce masa ya yi wa Malam tasa dabam.